Numfashin Akori-kura

Tun daga Shika take tari,
buhun tattasai goma sha biyu a bayanta.
A Kwangila na ɗaga ƙafa daga totur,
sai ta yi tsit a tsakiyar titi.
'Yan acaɓa suka zage ni har kakanni.

Muka tura ta garejin Jatau.
Bai ɗauki sifana ba.
Ya ce, "Tayar." Na tayar.
Ya kara kunne jikin bonet
yadda ungozoma ke sauraren ciki.
Inji na rawar ɗari, ya hau, ya sauka.

Ni na ce fulogi ne.
Ya ciro huɗun, ya duba bakinsu a rana:
fari fat, ba toka, ba baƙi.
"Mai bai yi mata yawa ba," in ji shi,
"iska take sha a ɓoye."
Yaronsa Iliya ya rantse kafireta ce,
ko fetur ɗin 'yan bumburutu.
Jatau bai tanka ba.

Ya bi tiyo ɗaya-ɗaya da yatsa,
har can inda ido ba ya kai.
Ga wani siriri ya bushe,
tsagar ba ta kai ƙwayar gero ba,
tana huci ƙasa-ƙasa.
Ya danne ta da babban yatsa.
Inji ya kwanta luf.

A zuci har na sayar da akuya biyu.
Shi ko ya yanko tiyo taƙi guda,
ya karɓi kuɗin shayi.

Da la'asar, a Ƙofar Doka,
na taka birki, na saki totur,
ina jiran ta mutu.
Ba ta mutu ba.
Ni ne na manta ban numfasa ba.