Girkin Dala Arba'in

Shafi goma sha shida ne kawai.
A shagon Ma'aruf na buga shi, bayan tasha,
tawadar ma ta gaji kafin a kai ƙarshe.
A bangonsa na rubuta: Don yaran da ke hura wuta da kansu.
Ashe gidan rina na taɓo.

Madam Ubaida ce ta fara, matar ɗan duwan.
A wurin suna, a unguwar Zariya,
ta ɗaga shi da yatsu biyu kamar mataccen ɓera:
"Girki ba nama? Ai wannan cimar gidan kaso ce."
Aka yi shewa. Bakin kowa na maiƙon kaza.

Wani ma'aikacin asibiti ya jera mini laifina:
gishiri ya zarce a shafi na huɗu,
ƙwai ɗaya a mako bai riƙe yaro,
ina madara, ina kifi, ina lemu?
Na so in ja hannunsa zuwa babbar kasuwa,
ya tsaya gaban mai ƙwai da kuɗin da nake nufi.

Inna Tabawa kuwa nata takaicin daban:
"Yaushe kwabto ya shiga takarda?
Mu a gindin murhu muka koya, da ranƙwashi.
Wai gari gwangwani biyu!
Hannu ne ma'auni, 'yar nan."

Malamin lakwal ya ce Hausata ta 'yan tebur ce.
Wani kuma, ban ma san fuskarsa ba,
ya aiko cewa kwalliya nake yi wa yunwa,
ina koya wa talaka ya saba da babu.
Wannan ta tsaya mini a maƙoshi
kwana uku, kamar ƙayar tarwaɗa.

To, ku zo Bagalam da hantsi.
Shafa'atu, shekara goma sha ɗaya.
Uwarta ta bi motar Jibiya tun kafin kiran salla,
ta bar dala arba'in ƙarƙashin faifai
da ƙanne uku a kan tabarma.
Zogale na goma.
Ƙuli na goma.
Garin rogo na sha biyar.
Biyar ɗin ƙarshe, albasa ko mai, ba duka ba.
Wannan lissafin ba ni na ƙirƙire shi ba,
rubuta shi kawai na yi.

Amma akwai shafi na tara.
Duk masu sukar nan ba wanda ya gan shi.
Na ce a soya awara, ban ce a kira babba ba.
Rabe, ɗan Mokoyo, shekararsa tara,
ya saki yanka daga sama, mai ya yi tsalle.
Uwarsa ta kawo shi har zaurenmu.
Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga.
Hannun kawai ta juya mini,
fatar ta tashi fari daga wuyan hannu zuwa babban yatsa,
yaron yana kallon ƙasa kamar shi ya yi laifi.

Washegari na ɗauki biro na shiga gari,
gida gida, ina soke shafi na tara.
Ɗari biyu na buga.
Sittin da uku na samu.
Sauran suna can, kusa da wata tukunya,
kuma ina jin su da dare.

Gishirin na rage, likita ya yi gaskiya.
Gwangwanin na bar shi, Inna,
hannun yaro bai kai ya zama ma'auni ba tukuna.
Madam, naman dai har yau ban samo ba.

Jiya Shafa'atu ta miƙo mini nata littafin,
duk ya sha mai, gefensa ya ci wuta.
A ƙasan shafi na shida, da fensir,
ta gyara mini:
"Ruwan ya yi yawa.
In Lawali ya yi kuka a ba shi ƙanzo,
kafin wake ya nuna."