An Yi wa Tsohuwa Sabuwar Riga

Ranar da fansho ya sake ƙin shigowa
muka taru a Kakuri kamar kullum,
bencin Jatau mai walda, gindin dalbejiya.
Ɗan Saje Barau ya biyo daga Jaji,
ya zare harsasai, ya leƙa, ya sake leƙawa,
sannan ya ɗora ta a tafin ubansa
kamar mai miƙa jaririya ranar suna.
"Taku ce ta da," in ji shi, "gyara ta aka yi."

Barau ya auna ta sama, ya auna ta ƙasa.
"Wannan? Ai ludayin koko ya fi ta nauyi.
Tamu in ka rataya ta tun asuba,
kafin la'asar ƙugunka ya san yana da aure.
Ina katakon mariƙin
da ke shan gumin mutum har ya san mai shi?
Roba! Robar bokiti!
Kai ta Panteka ka ji ko za a taya."

Kofur Ayuba Kazah ya yi dariya
da haƙoran da suka rage masa.
"Saje, ji tsoron Allah.
Wuyan hannun nan da ke hana ka barci da damina,
wa ya bar maka shi gado?
Ka manta tsatsar da muka kankara a dajin Kachia?
Ba bindiga kake kewa ba,
ƙuruciyarka kake lalube a jikin ƙarfe."

Aka yi ca.
Wani ya yabi jan ɗigon saiti, ƙwayar garwashi,
wani ya ce wannan sandar makaho ce,
mai ido ba ya aron ido.
Jatau, da bai taɓa harbin ko kurciya ba,
ya fi kowa ɗaga murya.

Mantau dai lissafi yake da yatsu.
"Da sha uku take ci, yanzu sha bakwai.
To, ƙarin huɗun nan, na su wane ne?"
Ba wanda ya tanka.

Ni ta iso wa a ƙarshe,
ni da na yi shekara talatin da ɗaya
ina shafa musu mai a ma'ajiyar makamai.
Na rufe ido, yatsuna suka kama hanya,
kamar wanda ya koma gidan da ya tashi
ya tarar an dafe bakin rijiya da siminti:
ɗakunan na nan, ƙamshin ne babu.

"Baba, wannan ba ta cijewa," in ji yaron.
"Ko a laka ka binne ta, in ka taɓa sai ta amsa."

Sai na tuna wani dare a shingen bakin gada,
da kurtu mai rawar gwiwa,
da mai keke da aka ce tsaya bai tsaya ba.
Kurtu ya ja kunama. Tsohuwa ta yi gum.
Ashe kurma ne, lemo ya ɗauko.
Ni na tsabtace ta da safen,
don haka ni na kwana bakwai a gadurum,
aka yanke mini albashin wata.
Har bara ina ganinsa wajen tasha,
ya yi furfura, yana fere lemo,
jikarsa na karɓar kuɗi.
Bai san ni ba. Nakan sayi na ɗari biyu.

Ban ba su labarin ba.
Na goge inda yatsuna suka taɓa da bakin riga,
na miƙa masa ta, bakinta na kallon ƙasa.
"Ta yi kyau," na ce. "Allah Ya sa ta tsufa a kube."

Aka kawo wuta, Jatau ya zabura wajen injinsa.
Barau ya murza wuyan hannu,
ya tambaya ko wani ya ji ƙarar saƙon banki.