Kurki, Wadda Ba Ta Tashi Ba

A hawa na huɗu na tsohuwar masaƙa, bakin ruwan Tampere,
muka shekara shida muna saƙar da ba zare.
Mu talatin da ɗaya.
Sunanta Kurki, wato gauraka a harshenmu:
uwar manhaja, mai riƙe linzamin kwamfuta
tun daga kunnawa har a kashe fitila.

Veikko ne ya rubuta zuciyarta,
layi bisa layi, kamar mai jera tubali cikin duhu.
Aune ta koya mata tuna abin da aka ba ta ajiya.
Ni kuwa farautar ƙwari aka ba ni,
in kashe ɗaya, uku su zo ta'aziyya.

Ranar da ta fara buɗe ido
ta gaishe mu da fararen haruffa a baƙin allo,
ta yi daƙiƙa goma sha bakwai, ta sume.
Muka yi ta tafi kamar an yi haihuwa.

Sai manya suka fara aiko da buƙata.
Bana ta hau waya. Baɗi ta ji yaren tsofaffin injuna.
Ta yi sauri, ta yi kyau, kada ta ci batir.
Jaki ɗaya, kayan raƙumi goma,
kuma kowace shekara a matsar da ranar suna.

Wata Talata ta Nuwamba, rana ta faɗi tun kafin ƙarfe huɗu,
wani ya zo daga hedikwata, ko kwat bai cire ba.
Takardarsa layi huɗu ce.
An sauya alƙibla, in ji shi, mun gode.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.
Aune ta wanke kofinta, ta kife, ta fita cikin ƙanƙara.

Yanzu Veikko kwale-kwale yake gyarawa a bakin tafki.
An ce an yanko wani yanki na zuciyarta
an dasa a injin sayar da tikiti.
Ban je na gani ba.

Ƙwaro mai lamba dubu huɗu da ɗari da sha biyu
shi ne ya gagare ni.
Bayan shekara uku, a cikin bas, maganinsa ya faɗo mini,
layi biyu kacal.
Na waiga, babu wanda zan gaya wa.

Akwai inji ɗaya a ɗakin ƙasa na gidana.
In na kunna, tana gaishe ni,
agogonta na nan a waccan Talatar,
tana jiran umarni.