Fitilar Sifana

Tun Sha'aban ta kunno kai,
'yar fitila ruwan ɗorawa mai hoton sifana,
tana leƙena ta bayan sitiyari.
Na ce mata, bari azumi ya wuce.
Azumi ya wuce, na ce sai an sauko daga Arfa,
wa ke kwantar da mota ranar kasuwa?
Da ta ishe ni da ido
na yanko baƙin salatif na rufe mata fuska.

Ita kuwa mota ba ta iya kara ba.
Da asuba a Karantina sai na murɗa makulli sau uku
kafin ta amsa, amsar wanda aka tasa bai shirya ba.
A danja tana rawar ɗari cikin zafin Jidda.
Man riyal hamsin da kan kai ni Makka, ya dawo da ni har da saura,
yanzu tun a Bahara allura ke neman wurin kwanciya.
Na ce masu gidan mai ne suka lalace.

Ran Talata, a hawan Hada, hanyar Ɗa'ifa,
fasinja huɗu da jarkar zamzam,
na taka totur, ta yi tari,
na sake takawa, ta yi shaƙuwa,
muka gangara gefe muka yi cirko-cirko.
Birai suka jeru kan dutse suna kallo.
Tsohuwar da ke baya ba ta zage ni ba,
carbinta kawai ta ƙara wa gudu.

Usta Jibo, haifaffen Mai Wurno,
shekara ashirin da biyu yana shan baƙin mai a Sana'iyya,
ya zaro fulogi huɗu ya jera kan kwali
kamar haƙoran da aka cire wa tsoho.
Ya ce, dubi bakinsa.
Lafiyayye kalar soyayyar gyaɗa yake,
naka gawayi ne, kan ya cinye, giɓin ya wage.
Irin wannan mai arha, kilomita dubu talatin zuwa arba'in ka sallame shi.
Mai tsadar yakan ga dubu ɗari.
Kai nawa ka ɗora masa?

Na yi shiru. Ban sani ba.
Na san kuɗin makarantar Hadiza,
na san ranar da igamata za ta mutu,
wannan lissafin ne ban taɓa riƙewa ba.

Ya ɓare salatif da farcensa, ya manna mini a aljihun gaba.
Ya ce, kashe fitila ba wuya, yaro ma ya iya,
amma sai bayan an yi aikin.

Riyal ɗari da sittin, ban da na janwe.

Da na tayar, ta ɗauka bugu ɗaya.
Ya rubuta lamba a 'yar takarda, ya liƙa a kusurwar gilashi
daidai inda idona ke faɗawa
duk sanda na duba ko rana ta yi.