Daren Muhawara a Ɗakin Haihuwa

Rediyo na kan tebur, kusa da kwalbar sifirit,
batir ya yi sanyi, murya na fita a shaƙe.
A Gombe ake muhawarar,
mu a Bajoga muna ji
tsakanin kukan jarirai biyu
da rugugin motocin siminti masu fitowa daga Ashaka.

Alhaji Bappayo ya ce:
“In kun kai ni majalisar dattawa,
ko kwabo na asusun lafiya ba zai shiga zubar da ciki ba.
Da jan biro zan sa a ja layi.”
Aka tafa. Har ni na gyaɗa kai,
don ni ma da tsoron Allah aka raine ni,
hannun nan kuma ya karɓi rai ya fi dubu,
na san nauyin kowane ɗaya.

Barista Dankade ya gyara murya:
“Ni ma ban ce a zubar ba,
amma a bar wa likita ƙofa in rai ya zo wuya.”
Aka yi masa ca.
Sai ya ja ƙafa kamar wanda ya taka garwashi:
“Za mu kafa kwamiti.”

Sha ɗaya da kwata aka shigo da Hansatu.
A bayan babur ta zo,
an ɗaure ta da rawani a jikin mijinta
kada ta zame a hanya.
Wata huɗu. Ba ita ta nema ba.
Har ta zaɓi suna a ranta,
har ta sayi shawul ranar kasuwa, mai ruwan ƙwai.
Buhun masara ta ɗaga, shi ke nan,
jini ya ce ga ni.

Abin da ya saura sai an wanke,
in ba haka ba zazzaɓi ya ƙarasa aikin kafin jibi.
Ina sa safar hannu ina tunanin jan biron Alhaji.
Ta ina layin zai bi?
Ƙarfen ɗaya ne, gadon ɗaya ne,
maganin ma sunansa ɗaya.
Akawun da zai duba takarda a can birni
bai ga zanen Hansatu ba, bai ji ƙarninsa ba.
In ya ga “wankin ciki” ya tsorata ya ƙi biya,
wa zai kira shi mai laifi?
Kwamitin Barista kuwa, ko kujeru ba a jera masa ba.

Manga ya zazzage aljihu a kan benci:
dubu shida da ɗari uku, da goro ɓari guda.
Ya ce akwai tunkiya, in gari ya waye.
Na ce jini ba ya jiran kasuwa.
Na zare audugar da na ɓoye wa wata,
Rifkatu ta haska mini da wayarta,
don janareta ya sha mansa tun magariba.
Muka yi abin da muka iya.
Can rediyo yana cewa “mata iyayenmu”,
su biyun duka, kamar sun haɗa baki.

Ba na neman kowa ya sayar da imaninsa.
Dare ɗaya nake roƙo:
mai son kujera ya zo ya riƙe mini fitila,
ya rubuta dokarsa a nan, a tsaye,
da hannun da ya taɓa sanyin ƙafar mace.

Da asuba Hansatu ta buɗe ido.
Ba ta tambayi wa ya ci muhawara ba.
Cewa ta yi a ɓoye shawul ɗin kafin ta koma gida.

Manga zai yi salla, ya dubi rigarsa,
irin ta kamfen ce da aka raba kyauta,
jini ya rine ta daga wuya har ƙasa.
Ya tuɓe, ya wanke a famfo, ya shanya a kan waya.
Har na tashi aiki tana nan tana ɗiga,
ɗan takara na murmushi a jiki,
da rubutu a ƙasan gemunsa:
Lafiya Uwar Jiki.