Fitilar Ɗaki na Huɗu

A Oulu, watan Disamba,
rana ba ta fitowa, leƙe kawai take yi
kamar baƙuwar da ta yi ɓatan kai,
ta ce a gafarce ta, ta juya.

Ni ce Orvokki. Shekara ashirin da biyu
ina auna jinin 'ya'yan mutane
a asibitin jami'a, ɗaki na huɗu,
bayan injin kofin nan da ke haɗiye kuɗi ya yi gum.

Sulevi ya fara zuwa ne da wuyan hannu.
Na murza, na lanƙwasa, ban ga komai ba.
Na ɗaura masa bandeji don kada ya koma hannu rabbana.
Mako na gaba, maƙogwaro.
Na haska tocila: garau.
Zuwa na uku bai kawo komai ba.
Ya zauna, ƙanƙara na narkewa daga takalminsa
tana yin ɗan tafki a daɓe,
mu biyu muka zuba wa tafkin ido.

Na san irin wannan.
Ciwon da aka zo da shi a baki
ɗan rakiya ne. Mai gayya yana waje
yana jiran a ce masa shigo.

Na ce, yaushe rabonka da barci?
Ya ce, yana zuwa, amma da rana, tsakiyar lacca.
Na ce, yaushe rabonka da cin abinci tare da wani?
Ya hau ƙirga da yatsu,
yatsun suka ƙare.

Ubansa masunci ne can arewa,
yana huda ƙanƙarar tafki ya zura ƙugiya,
ya yini bai ce uffan ba.
A gidansu shiru abin gado ne, kamar wuƙa da kwalekwale.
Ɗan ya zo koyon ginin gada,
lissafi ya yi masa rubdugu,
ya rasa wanda zai gaya wa,
sai ya gaya wa wuyan hannunsa.

Na buga wa likitar damuwa waya.
Layi: mako shida.
Mako shida! A cikin wannan duhu
ai ya isa mutum ya nutse ba a ji motsinsa ba.
Ba ni da maganin wannan a aljihun tebur,
takardata ba ta kai nan ba.

Sai na ɗauko fitilar nan mai farin haske
da muke bayarwa aro, mai tsagaggen gindi,
na ce, rabin awa kowace safiya ka zauna gabanta
kamar mai jin ɗumi.
Kuma duk Alhamis ka zo in auna jininka.
Ya ce, jinina yana da matsala?
Na ce, ban sani ba, shi ya sa.
Na sani sarai.

Awon bai taɓa hawa ko sauka ba.
Amma duk sa'ad da robar ta matse damtsensa
sai bakinsa ya ɗan saki:
jarrabawar da ta kayar da shi,
uwar da ta rasu yana shekara sha huɗu,
karen da ya baro, wanda ba ya cin abincin kowa.
Alhamis ta huɗu bai zo ba.
Na wanke kofi ɗaya har sau uku.
Ta biyar ya zo. Bai kawo uzuri ba, ban nema ba.

Ba ni na warkar da shi ba,
ban ma san ko ya warke ba.
Na dai tsaya tare da shi a layi
har aka kira sunansa.

A Fabrairu rana ta fara zama har ta sha shayi.
Ya dawo da fitila, wayarta a naɗe tsaf,
a bayansa wata ɗaliba, Kaisla, hula har gira,
tana kallon takalminta.
Ya ce, ita ma wuyan hannunta ne.

Na jawo kujera.
Na ce, wane hannun?