Mai Ƙanƙara Ya Dangwala

Ni ne Nomau, mai ƙanƙara a bakin Babbar Kasuwa,
shekara goma sha bakwai ina sayar da abin da ke gudu.
Mai goro in ya yi barci, goronsa na nan.
Ni in na yi gyangyaɗi, jarina ya bi rariya.

Ran Litinin, kasuwa ta cika ta batse,
Fassuma ɗiyar ƙanena ta sauko daga kabu-kabu
da takarda a hannu, da talho mai fasasshen gilashi.
Ta ce, Baba, duba.
Na duba: fili fari fat,
ba gawo, ba kalgo, ba ko sawun akuya,
ƙanƙara shimfiɗe har inda ido ya gaji.
Na ce, wane firigo ne ya haifi wannan?
Ta ce, can ne ƙurewar arewa,
bayan Agadas, bayan teku, bayan duk wani baya,
inda rana kan yi watanni ba ta faɗi ba.
Na ce, to, masu azumin can sun shiga uku.
Ba ta yi dariya ba.

Ta ce akwai mai a ƙarƙashi,
jiragen ruwa sun iso da haƙoran ƙarfe, za su huda.
Mu kuwa muna tara sunaye daga kowace ƙasa
mu ce a bari.

Na ce, ɗiyata, ina Maraɗi, ina rufin duniya?
Ta ce, ka manta daminar da Gulbi ya shigo ba sallama,
bangon Inna Tsahara ya durƙusa kamar raƙumi?
Bana kuma gero ya tsaya iya gwiwa
yana kallon hadari na wucewa Katsina.
Tukunya ɗaya ce, Baba.
In an ƙara mata wuta a gindi
ba gefen da zai ce bai ji ba.

Na yi shiru,
don ina da abin kunya a bayan shago:
wani tsohon inji mai tari,
in kuran ya ɗauke, kwalba biyu yake sha kafin asuba.
Ni ina ƙona mai in sami ƙanƙara,
su suna fasa ƙanƙara su sami mai.
Wane alƙali zai raba mu?

Amma abu ɗaya na sani, ba a lakkwal na koya ba:
ƙanƙara ba ta son hayaniya.
Buhu take so, da garin katako, da inuwa.
Wadda aka fasa ta fi saurin tafiya,
kuma tunda nake
ban ga wadda ƙasa ta sha ta komo ba.

Na ce, kawo.
Ban iya rubutu ba, sai ta shafa mini tawada.
Yatsana jiƙe yake, kullum jiƙe yake,
na dangwala, shuɗin ya bazu
ya ci sunan wani malamin makaranta da ke sama da ni.
Ta ce ba komai, a haka za a aika.

Ban san wanda zai buɗe takardar ba,
ko yana da tabarau, ko ya taɓa jin sunan garinmu.
In ya ga tabon, ya sani ba kuka na yi ba,
hajata ce.

Ta hau babur ta nufi 'yan gyaɗa.
Wata yarinya ta miƙo kwano: ta dala ashirin.
Na ɗaga buhu a hankali,
na rufe da sauri.